Taimako a Bayyane da Taimako a Ɓoye: Taron Ƙungiya da Aikin Limamin Jami'a

Tambayar ko aikin alheri yana rasa ladansa idan an yi shi a idon jama'a tsohuwa ce a wurin malaman addini, amma ta ƙara tsini tun daga lokacin da taimako ya koma hannun ƙungiyoyi masu shugaba da ma'aji da littafin rajista. Abin da ake gudu shi ne riya, wato yin aiki domin mutane su gani su yaba, wadda kishiyarta ita ce ikhlasi, wato tsarkake niyya domin Allah kaɗai. Alƙur'ani, a aya ta 271 ta Suratul Baƙara, ya yabi sadakar da aka bayyana, sannan ya fifita wadda aka ɓoye aka kai wa matalauta, haka kuma babi na shida na Bisharar Matiyu ya gargaɗi mai bayarwa da kada ya yi shelar abin da ya bayar. Addinan biyu da suka fi mabiya a Jihar Kaduna sun haɗu ke nan a kan fifita sirri, alhali kusan duk wani taimako mai tsari da ake gani a yau a fili ake yin sa.

A ƙasar Paki da sauran garuruwan Ikara da Makarfi da Kudan, inda noman masara da rake da tumatir ke riƙe da gidaje, taimakon juna bai taɓa zama abin ɓoyewa ba. Gayya, wato taruwar majiya ƙarfi a gonar mutum ɗaya domin su gama masa noma ko huɗa a yini guda, da kiɗa ake yin ta, makaɗi yana bin kunya-kunya yana wasa wanda ya tsere wa tsara, mai gona kuma yana kawo fura da tuwo. Ba a ji malaman ƙauye suna kiran wannan riya ba, domin kowa ya san cewa wanda aka yi wa noma yau shi ne zai saɓa garma gobe zuwa gonar wani. Bayyanar aikin ita ce ke tsare adalcinsa, tunda wanda ya saba noƙewa kowa yana ganinsa, kuma babu wanda ke jin kunya don an taimake shi, saboda mai bayarwa da mai karɓa matsayinsu ɗaya.

Ƙungiyar hidima ta zamani ta taso ne daga wata ƙasa dabam. Wani lauya mai suna Paul Harris ya kafa Rotary a birnin Chicago na Amurka a 1905, a tsakanin 'yan kasuwa da ma'aikata waɗanda birni ya raba da danginsu, kuma reshenta na farko a Nijeriya a Kano aka buɗe shi a 1961. Ginshiƙinta shi ne taron mako-mako: shugaba ya kaɗa ƙararrawa, a rubuta sunayen mahalarta, a ci abinci tare, a saurari baƙon da aka gayyato ya yi bayani a kan sana'arsa, sannan a bi ayyukan da aka ɗauka ɗaya bayan ɗaya a ji inda aka kwana. Shekaru da dama dokarta ta tanadi cewa wanda ya ƙaurace wa taro huɗu a jere ba da uzuri ba zai iya rasa kujerarsa, sai a 2016 aka sassauta, aka yarje wa rassa su riƙa haɗuwa sau biyu a wata. Wasu malaman addini ba su karɓe ta hannu bibbiyu ba. Fadar Fafaroma ta hana limaman Katolika shiga cikinta a 1951, kuma har yau akwai malaman Musulunci da ke ɗari-ɗari da ita. Duk da haka, shirin yaƙi da shan inna da ta ƙaddamar a 1985 yana cikin abubuwan da suka kai ga ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar cutar ta asali a watan Agustan 2020, bayan turjiyar da allurar rigakafin cutar ta fuskanta a Kano a 2003.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kan halascin irin wannan tsari tana cikin fiƙihu ne, a babin farilla ta kifaya, wato wajibin da ke kan al'umma baki ɗaya, wanda idan wasu suka tsaya da shi an ɗauke wa saura, idan kuwa kowa ya bari to kowa ya yi laifi. Wankan gawa da binne ta da ciyar da wanda yunwa ta galabaitar duk suna cikin wannan babi. A Paki unguwa ce ke sauke wannan nauyi ba tare da an kira taro ba, amma ɗan Paki da ya sami gurbi a Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, yana isa Samaru ne, inda jami'ar take, ya tarar da dubban mutanen da ba su san gidansu ba, kuma a irin wannan wuri wajibin da ke kan kowa yakan zama ba ya kan kowa. Rajista da taro a ranar da aka tsayar su ne ke mayar da shi kan wuyan mutane sanannu. Wannan ne ya sa ƙungiyoyin addini su ma suka rungumi tsarin: Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Nijeriya, wadda aka kafa a Legas a 1954, da takwararta ta ɗalibai Kirista da ta faro a Gindiri a 1957, kowace tana da shugabanni da kwamitoci da zaman mako-mako, kamar yadda 'yan agajin Jama'atu Nasril Islam da na Izala suke da kaki da muƙamai. Hadisi ingantacce ya fifita aikin da ake dawwama a kansa ko da kaɗan ne, dawwama kuwa a tsakanin baƙin juna ba ta samuwa sai da jadawali.

Sai dai akwai wani ɓangare na taimako da taro ba ya iya ɗauka, kuma shi ne aikin limamin jami'a, ko na masallaci ne ko fada ko fasto na majami'un da ke cikin harabar. Aikinsa na bayyane, wato jan salla da huɗuba da ɗaurin aure, shi ne mafi sauƙi. Mai wuyar yana zuwa ne bayan an sallame Isha'i, lokacin da sahu ya watse, ɗalibi ɗaya ya ƙi tashi, ya matso ya rage murya ya ce, "Allah gafarta Malam, akwai 'yar magana," sannan ya ɗauki lokaci yana kewaye-kewaye kafin ya faɗi cewa guzurinsa ya ƙare tun makon jiya, ko an mayar da shi baya a jarrabawa kuma ya kasa gaya wa mahaifin da ya sayar da buhunan masara ya biya masa kuɗin makaranta. Irin wannan magana ba ta shiga littafin sakatare, kuma limamin da ya san aikinsa yakan nemo kuɗin daga asusun masallaci ko daga wani mai hali ba tare da ya ambaci suna ba.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi dogon bayani a kan ɓoye sadaka da bayyana ta a cikin Ihya'u Ulumiddin, kuma cikin fa'idojin ɓoyewa da ya kawo akwai kare mutuncin mai karɓa. Wannan fa'ida ce ta fi dacewa da zamanin da kowane aljihu ke ɗauke da kyamara. Riya cuta ce ta zuciyar mai bayarwa, wadda babu wanda zai iya auna ta daga waje, kuma malamai sun yi gargaɗi cewa barin aikin alheri don tsoron a ce an yi riya shi ma tarko ne. Amma tozarta mabuƙaci abu ne da ido ke gani. Rijiyar burtsatse ba ta jin kunya idan an kafa mata allo, kuma lissafin kuɗin da aka karanta a gaban mambobi kariya ne daga cin amana. Hoton bazawara tana miƙa hannu ga buhun shinkafa, wanda aka watsa a Facebook har maƙwabtanta suka gani, wani abu ne dabam, domin an ba ta abinci an karɓe mata sutura, kuma daidaiton da ya sa gayya ba ta da ƙasƙanci babu shi a nan.

Saboda haka ƙungiyar da ke gayyatar limamin jami'a ya yi jawabi a taronta na mako tana iya neman ya faɗa mata yawan ɗaliban da suka kasa biyan kuɗin rajista a zangon da ake ciki da adadin da zai fitar da su, kuma tana da haƙƙin ganin rasit daga ofishin kuɗi. Sunayensu kuwa amana ce a hannunsa, kuma idan ma'aji ya matsa sai an kawo su an ɗauki hoto, daidai ne limamin ya ƙi, ko da hakan zai sa a rage abin da aka yi niyyar bayarwa.