Kaki da Ƙuri'a: Me Ke Halatta Mulkin Soja?

Hausawan Zanguwetin, tsohon zangon fatake da a da yake tsakiyar Wagadugu, sun ga sojoji biyu da suka hau mulki da kaki, daga baya suka nemi ƙuri'ar jama'a. Tambayar da labarin sojojin nan ya bari tsohuwa ce a wurin malaman fiƙihu: wanda ya karɓi mulki da ƙarfi, yaushe mulkinsa ke zama halal? Da yawansu sun yarda a bi shi don gudun fitina, amma ba su yafe masa hisabi ba.

Na farkon shi ne Sangoulé Lamizana, tsohon sojan Faransa da ya yi yaƙi a Indocin da Aljeriya. A ranar 3 ga Janairu 1966 ma'aikata suka cika tituna suka kori shugaba Maurice Yaméogo, mulki ya faɗa hannunsa. A 1978 ya tsaya takara, kuma sai da aka je zagaye na biyu kafin ya kayar da Macaire Ouédraogo, abin da ba a saba gani ba ga shugaba mai ci a Afirka ta lokacin. Saye Zerbo ya hamɓarar da shi a Nuwamba 1980. A Janairu 1984 kotun juyin juya hali ta Thomas Sankara ta tuhume shi kan kuɗin gwamnati. Alhaji Lamizana ya je da ƙafarsa, ya amsa tambayoyi a bainar jama'a, kotu ta wanke shi.

Blaise Compaoré kuwa ya hau a 1987 bayan kisan Sankara, ya ci zaɓe har sau huɗu. A zamaninsa ne, a 2003, aka rushe Zanguwetin saboda shirin ZACA na sake gina tsakiyar gari, mazauna suka watse zuwa gefen gari. Da jama'a suka tashi masa a Oktoba 2014, sai ya tsere Kwaddibuwa.

Dukansu sun sami ƙuri'a, saboda haka ƙuri'a kaɗai ba ta raba gardamar. Abin da ya bambanta su shi ne yarda a tambaye su amanar da suka riƙe. Lamizana ya rasu a Wagadugu a 2005 da mutuncinsa, har aka sa wa barikin soja sunansa. Compaoré kuwa a bayan idonsa kotun soja ta yanke masa ɗaurin rai da rai a Afrilu 2022.