Gudun Hajara, Sassarfar Maza

A tsakanin Safa da Marwa akwai wani ɗan yanki da aka haska da koriyar fitila. Alhaji na isowa nan sai ya tattare haraminsa ya kama sassarfa, hajiyarsa kuwa ta ci gaba da takunta, sai sun haɗu a gaba. Amma wadda ake tunawa da gudunta a wannan wuri mace ce. Nana Hajara ce ta yi kai da komo har sau bakwai tana nema wa jaririnta Isma'ila ruwa. Tsakanin duwatsun biyu kimanin mita 450 ne, sawu bakwai ya haura kilomita uku. Yau akwai rufi da na'urar sanyaya wuri, ita kuwa rana ce tsaye a kanta.

In aka tambayi mahajjata dalilin da ya sa mata ba sa sassarfa, da yawa za su ce ai mace mai rauni ce, ba ta jure zafi. Malaman fiƙihu ba nan suka dosa ba, batun sutura suka fi kawowa. Ita ma sassarfar ɗawafi tana da nata asali: a umarar shekara ta 7 bayan hijira Ƙuraishawa suka ce zazzaɓin Madina ya karya Musulmi, sai Manzon Allah (SAW) ya umarci sahabbai su yi sassarfa don a ga ƙarfinsu. Zancen rauni mutane ne suka liƙa shi daga baya, kuma a ƙarƙashinsa akwai tsohuwar tambaya: in Allah ya halicci jiki biyu daban-daban, dole ne ɗaya ya zama mudu, ɗayan kuma a ce bai cika ba?

Turawa ma sun daɗe da wannan mudun. Bayan tseren mita 800 na mata a gasar Olamfik ta Amstadam a 1928, jaridu suka yi ta kururuwa cewa matan sun galabaita, aka soke tseren har zuwa 1960. Gudun fanfalaki na mata kuwa sai a 1984 ya shiga gasar.

Masana aikin jiki sun auna, kuma abin da suka samo ya fi zancen majalisa daɗin ji. Duk wanda ya yi mako ɗaya zuwa biyu yana motsa jiki cikin zafi, mace ko namiji, jikinsa na sabawa: ruwan jininsa ya ƙaru, bugun zuciya ya lafa, gumi ya riƙa tsatsowa da wuri, gishirin da ke fita a cikinsa ya ragu. Bambancin yana cikin hanya. In aiki ya kai maƙura, namiji ya fi zubar da gumi, domin kowace ƙofar gumi tasa ta fi fitarwa. Mace kuwa galibi jikinta ya fi ƙanƙanta, fatarta ta fi yawa in aka gwada da nauyinta, wanda ke taimaka mata sakin zafi muddin iska ba ta fi fata zafi ba. A wuri mai laima, inda gumi ke ɗiga ƙasa ba ya bushewa, yawan gumin namiji asarar ruwa ce kawai. Sannan a rabin ƙarshe na watan mace, kafin zuwan al'ada, ɗumin jikinta kan hau da kusan rabin digiri. Wani bincike da aka yi a Ingila a 2015 ya ga alamun sabo a jikin maza bayan kwana biyar, mata kuwa sai da aka kai goma. Sun isa inda maza suka isa, kwanakin ne ba ɗaya ba. Da aka gwada masu girman jiki ɗaya a kan aiki ɗaya kuwa, yawancin bambancin sai ya narke.

Birnin Doha ya gwada abin a fili a watan Satumba na 2019. An fara gudun fanfalakin mata na gasar duniya da tsakar dare don gudun rana, duk da haka zafi ya kai digiri 32, laima ta haura kashi 70 cikin ɗari. Mata 68 suka tashi, 28 suka ajiye, wasu a keken marasa lafiya aka kwashe su. Ruth Chepngetich ta Kenya ta yi nasara. Bayan mako guda maza suka yi nasu, kason da ya kai ƙarshe ya fi na mata. Mai neman hujja zai ce ga ta nan. Sai dai daren maza ya fi sanyi, iskarsa ta fi bushewa, ba jarrabawa ɗaya aka zauna ba.

Har yanzu mata kusan kashi ɗaya cikin uku ne kacal na waɗanda ake gwaji da su a binciken motsa jiki, shawarar da aka ɗinka a jikin namiji ita ake miƙa wa kowa. A nan fiƙihu ya riga ɗakin gwaji hankali. Sharaɗin aikin hajji shi ne iko, kuma ikon kowa ake dubawa a kan kansa: lafiyarsa, guzurinsa, amincin hanyarsa. Saurayi majinyaci na iya wakilta wani ya yi masa jifa, tsohuwa mai ƙwari ta je Jamra da ƙafarta.

A hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, mutum fiye da 1,300 suka rasu. Da ministan lafiya na Saudiyya ya zo bayani, abin da ya ambata shi ne kashi 83 cikin ɗari na mamatan ba su da izinin aikin hajji, sun yi doguwar tafiya a ƙasa cikin rana, ba tanti ba motar da za su fake.