Ɗan dako da kwalin da bai buɗe ba

A Kantin Kwari ɗan dako ba ya tambayar abin da ke cikin dila. Da amana kasuwar take tafiya. Yaron da ya saba ɗaukar mini atamfa aka ba shi kwali daga Sabon Gari zuwa tasha, jami'an NDLEA suka tare shi, suka farke, sai ga tiramadol. Mai kayan ko ƙurarsa ba a gani ba.

Sashe na 19 na dokar hukumar ya tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25, amma da sharaɗin mutum yana sane da abin da ke hannunsa. Malamanmu ma a kan niyya suke ɗora aiki. Sai dai yaron ya gaya mini kuɗin dakon ya ninka na kullum, gabansa ya faɗi, ya haɗiye tambayar saboda ranar ba a ɗora tukunya a gidansu ba.

Wannan rashin sani ne, ko ƙin sani? A ganina yana da kasonsa a gaban Allah, amma ɗan kaɗan. Mafi nauyi yana wuyan wanda ya yi ciniki da yunwarsa. Lauyan da muka yi karo-karo muka ɗauka ya ce wannan ninkin kuɗin shi masu gabatar da ƙara za su riƙe.