Niyya da Ruwan Rijiya

A addininmu da al'adarmu, shayar da ruwa yana sahun gaba a ayyukan alheri, domin ladan wanda ya haƙa rijiya yana gudana ko bayan ransa. Amma idan ruwan da aka bayar don Allah ya zamo sanadin cuta, shin kyakkyawar niyya ta isa ta wanke mai bayarwa?

Ƙasar Bangladesh ta ɗanɗana ɗacin wannan tambaya. Daga shekarun 1970, hukuma da ƙungiyoyi irin su UNICEF, sannan jama'a da kansu, suka haƙa miliyoyin rijiyoyin burtsatse domin raba yara da kwalara da gudawa. Sai a 1993 aka tabbatar cewa da yawa daga rijiyoyin suna ɗauke da sinadarin arsenik, wanda ke narkewa daga ƙasar kanta. Wannan guba ba ta da launi ko wari ko ɗanɗano, tafasawa kuma ba ta kawar da ita. Bayan shekaru takan bayyana da kanta a tafin hannu da na ƙafa, daga baya sankarar fata ko huhu ko mafitsara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada ta wuce mikrogiram 10 a lita guda.

Littattafan fiƙihu sun koya mana auna tsarkin ruwa da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa. Wannan ma'auni ne na alwala, kuma ya wadatar a muhallinsa. Kuskurenmu shi ne ɗaukar duk ruwan da ya halatta ga alwala a matsayin mai lafiya ga ciki.

Mu dubi Madalla, kusa da Dutsen Zuma. Tun da aka mayar da gwamnatin tarayya Abuja a 1991 garin yake cika yana batsewa, jama'a kuwa sun dogara da rijiyoyi da burtsatse da 'yan garuwa. Inda filaye suka matse, rijiya takan yi maƙwabtaka da masai. A wannan jiha ta Neja ne kuma gubar dalma ta wuraren sarrafa zinariya ta kashe yara 28 a ƙaramar hukumar Rafi a 2015. Abin da ido bai gani ba yana kisa.

Waɗanda suka fara haƙa rijiyoyin Bangladesh suna iya fakewa da rashin sani. Mu da labarinsu ya iso mana ba mu da wannan mafaka, domin wanda ya san akwai hanyar gwaji ya ƙi bin ta, sakaci ya gurɓata niyyarsa. Ba kuma rufe rijiya ne kaɗai mafita ba, don kada talaka ya koma kududdufi. A can, sun shafa jan fenti a famfon da ke da guba, kore a mai lafiya. Na ja ya ci gaba da amfani wajen wanki.

Saboda haka, attajiri ko ɗan siyasa ko kwamitin masallaci da ya haƙa burtsatse, bai kammala sadakarsa ba sai ya kai ruwan ɗakin gwaji, ya kuma sanar da masu sha sakamakon, ko da bai yi masa daɗi ba.