Sa Kai Ya Fi Bauta Ciwo

Tun ina yaro nake jin wannan karin magana, amma ban san nauyinsa ba sai ranar da na ji shi daga bakin wani tela, yana tsaye cikin lambatu, baƙin ruwa ya kai masa gwiwa.

Wata Lahadi ce a farkon damina, a layinmu da ke wajen ganuwa a Kano. Lambatu ya toshe da ledar fiya wata da robobi da yashin da iska ta tara tun rani, ruwan farko kuwa ya riga ya leƙa zaurukan gidaje uku. Aka yi shela a masallaci bayan sallar isha'i, sahu biyu cur suka amsa da in sha Allahu. Da gari ya waye mu tara muka fito. Muna cikin kwasa sai ga wani saurayi a kan babur, shadda fara ƙal, ya rage gudu ya ce, "Sannunku da aiki. Nawa kansila ya ba ku?" Bai jira amsa ba ya wuce. Tela ya dogara a kan sheburinsa, ya dube ni ya ce, "Malam, ka ji ko? Sa kai ya fi bauta ciwo." Ya sunkuya ya ci gaba.

Kada a zaci waɗanda suka ƙagi maganar sun raina bauta. Sun san ta ido da ido, sun san rinji da gandu, sun san murgun da bawa yake biya don a bar shi ya nemi na kansa. Ciwon da suke nufi na zuci ne. Bawa yana da wanda zai zarga. In ubangida ya ba da baya sai ya jingine fartanya ya sha iska, in gona ta lalace ba tasa ba ce. Wanda ya sa kansa kuwa, ubangidansa a ƙirjinsa yake, ba ya ba da baya, ba ya zuwa kasuwa. In ya gaji ba shi da wanda zai kai wa kuka, don amsar da zai samu a shirye take: wa ya aike ka? Shi ya sa karin maganar yake da baki biyu. Uwa takan faɗe shi don ta ja kunnen ɗanta mai shisshigi. Dattijo kuma yakan faɗe shi yana jinjina wa wanda ya ɗauki kaya ba a ɗora masa ba, bai kuma sauke a hanya ba.

A ƙasarmu ta yammacin Zamfara, daga Anka zuwa Bukkuyum har Gummi, mun tashi mun ga gayya, kuma mutane sukan haɗa ta da sa kai. Ni ban yarda abu ɗaya ba ne. Gayya adashi ce, sai dai zubinta da ƙarfin damtse ake yi. Yau an taru a gonarka, an dama fura, mai gangar noma yana zuga samari, gobe kai ma ka saɓa garma ka tafi gonar wani. Saurayin da ya kwashi abokansa suka yi wa surukinsa noma ya san abin da yake nema. Wanda ya ƙi fita ba a kai shi gaban alƙali, ana dai jiran ranar da zai buƙaci a ɗaga masa jinka. Kowa ya san kowa, kowa ya san kwasarsa za ta zo.

Birni ne ya karya wannan lissafi. Rabin mutanen layinmu 'yan haya ne, wanda kuka yi aiki tare bana, baɗi ya koma wata unguwa. Mai zuba shara a saman layi ba gidansa ruwa yake shiga ba, na ƙasa ne yake kwana da bokiti a hannu. Hukuma ta gwada maye gurbin adashin da dole. Tun zamanin yaƙi da rashin ɗa'a na Buhari da Idiagbon, wanda aka fara a 1984, tsaftar muhalli ta zama doka, har yau kuma a Kano ana tsayar da zirga-zirga da safiyar Asabar ɗin ƙarshen wata, da kotun tafi-da-gidanka ga wanda aka kama a titi. Duk wanda ya zauna a birnin ya san abin da mafi yawanmu muke yi da waɗannan sa'o'i: ramuwar barci. Doka ta iya tsare mutum a gida, ba ta iya miƙa masa tsintsiya ba. Saura ya rage ga wanda ya ga dama, shi kuma yana yi wa mutanen da ba za su rama masa ba, wasu ma ba za su gaishe shi ba.

Abin da ya sa na daina ganin irin waɗannan mutane a matsayin marasa aikin yi ya faru ne a gida, a Sunke da ƙauyukan da ke kewaye da ita.

Da farashin zinare ya tashi a duniya, mutanenmu suka duƙufa haƙa. Ana kawo dutsen cikin gari, a farfasa shi a tsakar gida, a daka a turmi, a kai injin niƙa irin wanda ake niƙa dawa da shi. Ba wanda ya san dutsen cike yake da dalma. Ƙurar ta kwanta a tabarma, a bakin randa, a ƙasar da yaro yake rarrafe yana kai hannu baki. Sai yara suka fara amai da jijjiga, suna mutuwa, ana cewa zazzaɓi ne, ana cewa sanƙarau ne. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta na gari na kowa, MSF, suka lura mutuwar ta wuce ta cutar da aka saba. Gwajin jini ya nuna guba ce. Yara fiye da 400 suka rasu a Dareta da 'Yargalma da Abare da Tungar Daji da Tungar Guru da Duza da Sunke da makwabtansu, waɗanda suka rayu kuma da yawa gubar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa.

Akwai maganin da yake janye dalma daga jini, amma likitocin suka ce banza ne a ba yaro magani a mayar da shi tsakar gidan da ta sa masa cutar. Sai an kankare ƙasar tukuna. Masana muhalli na kamfanin TerraGraphics daga jihar Idaho ta Amurka, tare da cibiyar Blacksmith da ma'aikatan jiha, suka koya wa mutanen gari aikin. Ana auna ƙasa da na'ura, a kankare samanta da fartanya, a ɗura a buhu, a kai rami bayan gari a binne, sannan a kawo ƙasa mai tsabta a shimfiɗa. Gida gida, ɗaki ɗaki. An fara da Dareta da 'Yargalma a tsakiyar 2010, Sunke ta shiga zagaye na biyu da ya ɗauko daga ƙarshen shekarar zuwa farkon 2011.

Gaskiya ɗaya ce, masu riƙe da fartanyar nan ana biyansu, ba zan ƙawata labari in ce sa kai suka yi ba. Amma kuɗi iyakarsa kankara. Bayan motoci sun tafi, masarauta ta ce a fitar da niƙan dutse bayan gari, wa zai tsaya a kan haka kullum? Magidancin da ya tuɓe kayan aikinsa ya wanke jiki kafin ya ɗauki ɗansa, da matar da ta ƙi a shigo mata da buhun dutse ko da kuɗinsa zai sayi gero, ba mai rubuta sunansu a takardar albashi. Inda suka gaji, gubar ta dawo.

Sai kuma Bagega, wadda ta fi sauran girma, aka bar ta tana jira. Gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850, kuɗin suka maƙale, yara kimanin 1,500 ba damar a fara musu magani. MSF tana ta kira, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch tana ta kira. A nan ne wasu matasa mazauna Abuja, Hamzat Lawal da abokin aikinsa Oludotun Babayemi, suka sa kansu a maganar a 2012. Ba 'yan Anka ba ne, ba su da ɗa ko jika a Bagega. Suka je suka gani, suka dawo birni suka dami mahukunta ta Twitter da gidajen jarida da kiran a ceci Bagega, abin da ya zama mafarin shirinsu na bin diddigin kuɗin gwamnati, Follow The Money. A farkon 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya amince a saki kuɗin, aka kankare garin a shekarar, magani ya biyo baya. Ba su kaɗai suka ɗaga wannan jinka ba, amma sun kama inda ɗan ƙauye ba ya iya kamawa. Abin da ɗan birni yake da shi ke nan: kusanci da ofis, da waya mai caji, da sanin ƙofar da ake bugawa. MSF kuwa sai a 2022 ta miƙa aikin ga hukumomin jiha, shekara goma sha ɗaya da 'yan kai bayan ta shigo. Wanda ya zo don makonni ya ga an kai haka, ai ya san ma'anar karin maganar ko da ba ya jin Hausa.

Dole in faɗi wani abu mai ɗaci. A Zamfara ta yau, in ka ce ɗan sa kai, ba mai shebur ake hangowa ba, mai bindigar gida ake hangowa, wanda ya fito kare ƙauyensa daga 'yan bindigar daji. Wasu sun kare rayuka, wasu sun yanke hukunci a kasuwa ba alƙali ba shaida, ramuwar gayya ta biyo baya a kan waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Dubi yadda kalmomin biyu, sa kai da gayya, suka juya mana baya lokaci guda. Wanda ba shi da ubangida ba shi da mai tsawata masa, wannan ma yana cikin ciwon, sai dai wasu ne suke jin sa a jikinsu. Shi ya sa nake ganin darajar tsarin 'yan agaji na Jama'atu Nasril Islam da Fityanul Islam da Izala, waɗanda muke gani da kaki a filin idi da sansanin alhazai da wurin jana'iza. Ba a biyansu, amma suna da na gaba da su, suna da horo, akwai wanda zai ce musu tsaya nan.

Amfanin abin a layinmu bai kai na Bagega ba, kuma ba zan yi ƙarya in ce sauro ya ƙaura ba. Ruwa dai bai sake shiga zaure ba a daminar. Wanda ban zata ba shi ne na san mutane. Shekara shida ina gaisawa da wani mutum daga nesa, sai a bakin lambatu na ji ashe ma'aikacin jinya ne, shi ma ya ji ashe ni malamin makaranta ne. Mu taran nan muka zama waɗanda ake bugo wa waya in taransifoma ta lalace, ko ana neman jini a asibiti da tsakar dare, ko an yi rasuwa a gidan baƙon da ba shi da dangi a gari. Wata irin gayya ce ta tsiro, ba ganga ba fura, zubin ma ba a ƙirga shi.

Tela kuwa ya ja wa kansa. Yanzu duk layin sarkin kwata suke ce masa, rabi wasa rabi gaske. Kwanan baya ina shagonsa ana auna ni, ga ɗinkin salla ya taru har saman keke, sai ga wata yarinya daga gidan da bai taɓa fito da mutum ko ɗaya ranar aiki ba. Ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce, "Baba, wai in ji Mama, lambatun ƙofar gidanmu ya toshe tun jiya, ba a zo ba."

Ya cire tef daga wuyansa ya rataye a ƙusa. Ya dube ni, na ɗauka zai maimaita maganar nan, amma bai ce komai ba sai, "Je ki ce mata bayan la'asar." Sannan ya leƙa bayan ƙofa ya ga ko wanda ya ari sheburin ya dawo da shi.