Sanyin Randa, Na Wane Ne?

A Dutse cikin watan Maris, ruwan randa sanyi ƙarara yake. A ɗauki randar nan a kai ta Legas da damina, sai ruwan ya zauna da ɗuminsa. Yumɓun bai canza ba, kuma maginiyar tukwane ba ta yi ha'inci ba.

Randa tana tsatsafo da ruwa ta jikinta, busasshiyar iska ta ɗauke shi ya zama tururi, ya tafi da zafi. Da wannan dabara Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da ɗanyen ƙyalle. Yalon da kan lalace a kwana 3 ya kai kwana 27, shi kuma ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. To amma a bakin teku, inda laimar iska kan wuce kashi 80 cikin 100, iskar ta riga ta ƙoshi, ba ta karɓar ƙari.

Ɗaliban tauhidi a zaure sun san wannan tambaya, ko sanyin na wane ne, tun kafin a zo da firji. A sharhin Ummul Barahin na Shehu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, an raba hukunci uku: na shari'a, na hankali, da na al'ada. Wuta da ƙuna, wuƙa da yanka, randa da sanyi, duk na al'ada ne: Allah ya saba haɗa su, amma haɗin yana iya warwarewa. Masanin kimiyya zai ce sharaɗi ne ya faɗi, malamin zaure ya ce dama sababi ba shi da tasiri a karan kansa. Sun saɓa a kan dalili, amma dukansu sun yarda sanyin ba mallakin tukunya ba ne.

Wasu kan fake da wannan su miƙe ƙafa, wai tawakkali. Fataken goro ba su fahimce shi haka ba. Laimar da ke kashe randa ita goro ke so, shi ya sa a Shagamu da Kumasi ake naɗe shi cikin ganye a huhu. Idan ya iso Kano da hunturu, mai goro ya lulluɓe farantinsa da algarara, yana yayyafa ruwa, yana tsince mai tsutsa kafin ya ɓata sauran. Masunta a kudu kuwa ba su ma nemi sanyi ba, banda suke yi wa kifinsu.