Attajiranmu da Rikicin Manoma da Makiyaya: Shin Shiru Ya Halatta?

Kin sani, na sani, in kaka ta kama a ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, hankali ba ya kwanciya. Shanu su faɗa gona kafin a kwashe amfani, a kore su da sara, gobe a zo ramuwa, wani zubin har a rasa rai. Zamanin Gwamna Sule Lamido, daga 2007 zuwa 2015, an kafa hukumar manoma da makiyaya. Hakimai da malamai ma suna ta zaman sulhu. To, ina attajiranmu?

Wani zai ce: "Ni ɗan kasuwa ne, ba ni da gona, ba ni da garke." Anya kuwa? Je ki kasuwar Sara. A hannunsa manomi ke karɓar kuɗin gero da bashin taki. A hannun dillalinsa Bafulatani ke sayar da sa. Mutanen da suka daina gaisawa duk suna gaishe shi. Wanda Allah Ya ba wannan matsayi, shirunsa ba wanke hannu ba ne.

Tarihin Larabawa ya nuna haka. Ƙabilun Absu da Zubyanu sun yi kusan shekara 40 suna yaƙi, sai da masu hali biyu, Harimu bin Sinan da Harisu bin Aufu, suka ɗauki diyyar mamatan a dukiyarsu, sannan wutar ta mutu. Aya ta 114 a Suratun Nisa'i kuma ta jera sulhunta mutane tare da sadaka.

Me attajiri zai iya? Ya ƙi sayen saniyar da ba a san asalinta ba, komai arharta, domin ɓarawon shanu da mai saye yake taƙama. Kada ya sayi burtali ya shinge shi, don in an toshe hanya, ta gonar talaka garke zai bi. In an kimanta ɓarna, mai shanu ya gaza biya, ya cike giɓin kafin a zare adda. Buhu biyar na dawa bai kai ran mutum ɗaya ba.

Za a ce ai don ribarsa zai yi. Niyya tsakaninsa da Allah ce, amma matar da mijinta ya dawo gida lafiya ta amfana ko ta yaya.

Mu kuma fa? Mu ke yin takaba, mu ke riƙon marayu, mu ke rasa mai kawo nono in gari ya ɓaci. In maigidanki ko yayanki yana cikin masu hali, ki zaɓi lokacin da ransa ke sanyi ki tambaye shi: "Alhaji, a ina aka samo shanun nan? Filin nan ba burtali ba ne?" Maganar ɗaki tana isa inda ta dandali ba ta kaiwa.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.